Hazo ba sanyi ba ne kawai

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, duk wanda ya fita da sassafe a Damagaram ko Maraɗi ko Tawa ya san yadda sama take komawa fara fat, rana ta zama kamar faifan azurfa. Ɗan kasuwa ya kakkaɓe hajarsa sau uku kafin azahar, ma'aikaci ya share teburinsa, kowa ya ce ai hunturu ne, haka Allah ya yi shi. Gaskiya ne. Amma ƙurar da ake kakkaɓewa ita ce mai sauƙin illa, domin hanci yana tare ta. Wadda take kisa ita ce wadda ido ba ya gani.

Masana suna kiranta PM2.5: ɓurɓushin da kaurinsa bai wuce mikromita 2.5 ba, wato ya fi silin gashin kai siranta wajen sau 30. Yana wuce hanci da maƙogwaro, ya sauka can ƙasan huhu, mafi ƙanƙantarsa ma ya shiga jini. Daga nan ake samun ciwon huhu ga yara, fuka, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga manya. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin da take ɗauka lafiyayye daga mikrogram 10 zuwa 5 a kowace mita mai kusurwa shida ta iska, a matsakaicin shekara. A ƙididdigar kamfanin IQAir ta 2024, maƙwabciyar Nijar, Cadi, ta zo ta farko a duniya da fiye da mikrogram 90.

Ba abin mamaki ba ne. A arewacin Cadi, tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, akwai kwarin Bodele, busasshen gindin tsohon babban tafkin Cadi, wanda babu wuri guda a doron ƙasa da ya kai shi tada ƙura. Iskar arewa maso gabas takan matsu tsakanin duwatsun nan biyu, ta kwashi farar ƙasar, ta nufo yamma. Nijar ce a bakin hanyarta. Wani bincike na masanan jami'ar Stanford ta Amurka, da aka wallafa a 2020, ya nuna cewa ƙarin mikrogram 10 a shekara yana ƙara mutuwar jarirai a Afirka kudu da Sahara da wajen kashi 24 cikin 100. Haka nan lokacin hazo shi ne lokacin sanƙarau, domin busasshiyar iska mai ƙura tana farfasa fatar cikin hanci, ƙwayar cutar ta samu ƙofa. Annobar 1996 ta kashe wajen mutum 25,000 a yankin Sahel, ta 2015 kuwa ta hallaka fiye da 500 a Nijar kaɗai.

Ana iya cewa: to wa zai kai ƙarar iska? Babu ministan da zai toshe Bodele. Sai dai wannan magana ta daɗe tana zama mafakar mahukunta, alhali wani kaso na gubar a cikin gari ake dafa shi. Fiye da gida tara cikin goma a ƙasar nan da itace ko gawayi suke girki. Uwa tana tsugune gaban murhu, jariri a goye, su biyun suna shaƙar hayaƙin da ya fi na titi kauri. Matatar SORAZ tana fitar da gas tun 2011, amma tukunyar farko da kan murhunta sun fi ƙarfin talaka, kuma a nan ne tallafi ya kamata ya tsaya. Dokar hana leda ta fito tun 2014. Wanda ya zaga bayan kasuwa da magariba, inda ake cinna wa bola wuta, shi zai faɗi ko tana aiki. Ga tsofaffin manyan motoci masu aman baƙin hayaƙi, ga man ƴan ruwa-ruwa da ba wanda ya san abin da aka gauraya a ciki.

Abin da ya fi ciwo shi ne ilimin yana nan, isar da shi ne ya gagara. Cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD duk a Yamai suke zaune. Tun 2018 wata cibiya a Barselona ta soma ba Burkina Faso gargaɗin ƙura jiha-jiha, da launuka, kwanaki kafin ta iso, daga baya aka faɗaɗa shi har Nijar. Amma mai shago a kasuwar Dole ko malamin lakwal a Madawa sai ya buɗe ƙofa ne yake sanin ƙura ta zo. Gidajen rediyon da suke karanta farashin hatsi da sanarwar ɗaurin aure ba za su kasa karanta wannan da Hausa da Zabarmanci kowace safiya ba.

Kuɗin da za a kashe kaɗan ne idan aka gwada shi da na maganin yaran da gwamnati ta ɗauki alkawarin yi wa magani kyauta tun 2006. Ya wajaba ma'aikatar lafiya da ta muhalli su kafa na'urar auna iska a kowane babban birnin jiha, a riƙa bayyana sakamakonta kullum. Ranar da gargaɗi ya kai ja, a ɗage tsayuwar yara a filin makaranta, a ƙara ma'aikata a gidajen likita, magadan gari kuma su hana ƙona shara har ƙurar ta lafa.