Akwatin wiwi cikin ɗaki: kwaikwayon da ɗan talaka kaɗai zai biya kuɗinsa



Daren jiya muna zaune a fada, shayi na kan gawayi, sai wani ƙanenmu ya miƙo mini salula ya ce: “Babban yaya, duba wanga aiki.” Bidiyo ne na wani Bature cikin garejin gidansa. Ya ɗauki tsohuwar armuwar ta tufafi, ya liƙe cikinta da takarda mai ƙyalli, ya rataya fitila, ya sa ƴar fanka, ya shuka tabar wiwi a ciki. Bidiyon minti uku ne, ga kiɗa, ga murmushi, a ƙarshe ga ganye ya cika akwati. Yaron nan ya iya walda, ya iya haɗa waya, duk rediyon unguwa da ta mutu shi ake kai ma. Ya dube ni ya ce wallahi cikin kwana biyu zai iya haɗa irinsa, kuma an ce akwai kuɗi ciki.

Na san zai iya. Abin da ya hana ni barci ke nan.

Wannan bidiyo da ire-irensa sun cika TikTok da YouTube, kuma akwai masu tura su cikin gurup-gurup na WhatsApp suna kiran abin wayewa, suna cewa duniya ta ci gaba ta bar mu. Da su nike magana yau. Ku da ke turawa, ku faɗa wa yaran nan gaskiya duka, kar ku tsaya a rabi.

Mu fara da inda akwatin ya fito. Kanada ta halatta wiwi ranar 17 ga Oktoba 2018, dokarta ta yarda kowane gida ya shuka tushe 4, amma ko a can jihar Kebek ta ce ba a shuka shi cikin gida. Jamus ta bi baya ranar 1 ga Afrilu 2024, tushe 3 ga wanda ya kai shekara 18. Urugwai ta riga su tun 2013, tushe 6, kuma sai ka yi rajista da hukuma. A Amurka wasu jihohi sun yarda, wasu har gobe kama mutane suke. Mutumin da kuka gani yana murmushi gaban kyamara, doka ce ta tsaya masa. Ya san iyakar tushen da zai shuka, ya san ba zai sayar wa yaro ba, ya san in ya wuce iyaka tara ko kotu na jiransa. Kuma mi ya sa ya shige cikin akwati? Saboda ƙasarsu sanyi gare ta, wata da watanni rana ba ta da ƙarfi, sai ya sayi rana ta ƙarya da kuɗin wuta. Akwatin maganin matsalarsu ne. Mu kuwa da rana ke gasa mu tun ƙarfe takwas na safe, dalili ɗaya ne zai sa mutum ya shuka abu cikin akwati: ɓoyewa. Wanda ya fara da ɓoyewa ya riga ya san inda hanyar ta nufa.

A nan Nijar doka ba ta da ruɗani. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta watan Satumba 1999 ta hana noman wiwi, ta hana sayar da shi, ta hana riƙe shi. Mai shuka ba a kallonsa kamar wanda aka kama da ɗan ƙulli cikin aljihu. Ranar da jandarma ko ƴan sandan OCRTIS suka buɗe ƙofar ɗakinka, fitilar da fankar da ka sha wahalar haɗawa su ne shaidu a kanka. Ba za ka ce tsinta ka yi ba, ba za ka ce wani ya ba ka ajiya ba. Kai da hannunka ka gina hujjar da za ta kai ka kaso. Kuma kowa ya san yadda gidan kason Yamai yake: an gina shi don ƴan ɗaruruwa, yau ya fi dubu, da yawansu ma jiran shari'a suke, wata ya bi wata. In ka fito, takardar kaziye ta ɓaci. Duk kwankur ɗin da za ka shiga, na soja, na malanta, na duwan, sai an tambaye ka ita. Bature mai bidiyo ba zai zo ya kawo maka tuwo kaso ba. Tsohuwarka ce za ta bi layi da kwano cikin rana.

Sai maganar wuta, wadda ita kaɗai ta isa ta ba mutum dariya. Akwatin nan yana rayuwa ne da fitila mai ci awowi da yawa kullum, da fanka wadda ba ta hutawa. A wace ƙasa? A ƙasar da wajen mutum 1 cikin 5 kaɗai ke da lantarki. Kun manta Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke layin da ke kawo mana kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu? Kun manta yadda muka kwana a waje, yadda masu sayar da ƙanƙara da masu ɗinki da masu walda suka zauna hannu rabbana? Ko yanzu, da Afrilu ta shigo, zafi ya haura digiri 40, kowa ya san wuta zuwa take ta gaida mu ta koma. Ka ɗauki akwatin katako, ka cusa masa fitila mai zafi, da wayoyin da aka murɗe da hannu aka naɗe da leda, da ruwan ban-ruwa a gefe, cikin ɗakin kwano, kusa da katifar soso. Wannan ai gobara ce aka yi wa shimfiɗa. Kuma gobara a gidan haya ba ta tambayar ɗakin wane ne. Za ta ci naka, ta ci na mai jego da ke maƙwabtaka da kai.

Sirrin ma da ake taƙama da shi, ina yake? Gidajenmu ba irin nasu ba ne. Tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, sau da yawa kwantar wuta ɗaya da ake raba faktir a ƙarshen wata. Ranar da faktir ta ninka, mai gida zai bi ɗaki-ɗaki. Warin ganyen nan kuwa ba ya jin maganar ƙofa. Ƙannenka na shiga ɗakinka neman caja. A unguwar da in ka sayi sabon takalmi kafin magariba kowa ya sani, kai ne za ka ɓoye gona wata uku?

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini rai. Masu cewa “ai ganye ne, Allah ya halicce shi” suna magana ne kamar wiwin da kakanninsu suka ji labari. Irin da ake nomawa cikin akwatunan nan an yi shekaru ana zaɓensa don ƙarfi. A Amurka an auna wiwin da hukuma ke kamawa: a 1995 sinadarin da ke sa maye, THC, wajen kashi 4 cikin 100 ne, zuwa 2014 ya kai wajen kashi 12. Likitoci sun daɗe suna faɗin cewa wajen mutum 1 cikin 10 na masu sha yana kamuwa har ya kasa bari, kuma ga wanda ya fara tun yana ɗan saurayi abin ya kai 1 cikin 6. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Mai shan mai ƙarfi kullum ya fi shiga haɗarin taɓin hankali. Ba kowa ke haukacewa ba, gaskiya ne, kuma ba zan yi muku ƙaryar da aka yi mana muna yara ba. Amma wane cikinmu bai san wani ba? Wane bai san wani da muka yi lakwal tare, mai kai kamar wuta, yau yana tafe yana magana shi kaɗai? A Kanada in abin ya taɓa yaro akwai inda za a kai shi. Mu nan daga Pabiyon E na babban asibitin Yamai sai ƴan wurare ƙalilan, saura kuwa mari da sarƙa a bayan gida.

Kuma in ka noma, wa za ka sayar ma? Ba Bature ba. Ɗan kabu-kabun unguwarku ne, da ɗan kolejin da ke tsayawa bayan katanga, da yaron da tiramol ya riga ya rarake. Kusan rabin ƴan ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Kasuwarka ke nan. Ka kira shi bizines in kana so, ni na san sunansa.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini a fada. Za a ce: to manya fa? Wannan tambaya ce ta gaskiya kuma ba zan kauce mata ba. A watan Maris 2021 an kama tan 17 na ƙaron wiwi cikin wani sito a Yamai, kayan da suka taso daga Labanan, suka sauka tashar jirgin ruwan Lome, za su wuce Libiya. Tan 17, ƴan uwa. Ba cikin armuwar aka noma shi ba, kuma ba ɗan fada ne ya yi hayar manyan motocin da suka ɗauko shi ba. Wanda ke iya ratsa iyakoki da irin wannan kaya yana da kuɗi, yana da mutane. Amma in ka leƙa kaso, waɗanda suka cika shi su ne masu ƙullin dala ashirin. Wannan zalunci ne, kuma zan ci gaba da faɗinsa. Tun 2014 kwamitin da Kofi Annan ya sa aka kafa kan ƙwayoyi a Afirka ta Yamma, ƙarƙashin Obasanjo, ya ba gwamnatocinmu shawara: mai sha a kai shi wurin likita, ƙarfin hukuma a juya shi kan manyan dillalai. Shekara fiye da goma ke nan, ina aka kwana?

Amma ku lura da kyau. In har kun yarda cewa doka ta fi cin ƙaramin kifi, to mi ya sa kuke tura ƙananan kifaye cikin koma? Wannan hujja taku ai ita ce babbar hujjata. Ɗan mai kuɗi in an kama shi, waya ɗaya ta isa. Ƙanena mai walda ba shi da lambar kowa.

Za a kuma ce: ai ko a Afirka an fara halattawa. E, an fara, amma ku karanta yadda aka yi. Maroko ta yi doka a 2021 don magani da masana'antu kaɗai, a yankuna uku na duwatsun Rif, da lasisi, da hukuma mai sa ido. Shan nishaɗi har yanzu laifi ne. Kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu a 2018 ta yarda babba ya shuka don kansa cikin gidansa, ba ta buɗe kasuwa ba. Duk inda aka canza, da muhawara aka canza, a majalisa ko a kotu, ido na ganin ido. Wanda ke ganin dokarmu na buƙatar gyara, bismilla, ya fito fili ya kawo hujja, mu yi gardama, likitoci da malamai da iyaye su sa baki. Ni kaina ina cikin masu cewa a daina cusa masu sha cikin kaso. Amma babu ƙasar da ta gyara dokarta don wani yaro ya ɓoye fitila bayan labule.

Na koma kan ƙanen nan nawa. Na karɓi salular na sake kallon bidiyon, na ce masa: cire ganyen, faɗa mini mi ya rage. Ya ce akwati, fitila, fanka, da abin auna zafi. Na ce to ka san mi ka lissafa? Injin ƙyanƙyasar ƙwai. Ƙwan kaza kwana 21 yake so cikin ɗumi wajen digiri 37 da rabi, na zabuwa wajen kwana 28, kuma ƙaramin inji na iya tafiya da batir da faifan sola. Mata nawa ke kiwon zabi daga Maraɗi zuwa Damagaram, suna asarar ƙwai kowace damina? Juya akwatin wata fuska, ka sa masa gilashi da raga, ya zama na busar da tumatir da tattasai da zogale, ba ƙura ba ƙuda, da ranar da muke samu kyauta. Je Galmi lokacin kaka ka ga albasar da duk Afirka ta Yamma ke nema tana ruɓewa don rashin wurin ajiya mai iska. Duk waɗannan aikin kafinta ne da mai walda da mai haɗa waya. Hannun nan guda ne. Ba na ce zai yi arziki cikin wata ɗaya ba. Na ce zai iya buɗe ƙofar shagonsa, ya rubuta sunansa a allo, uwarsa ta wuce ta gaban ta nuna wa ƙawayenta.

Ga hukumomi kuma, da masu ƙungiyoyi irinmu, kar mu wanke hannu. Yaron da ya kalli bidiyon minti uku ya gane yadda aka haɗa abu, injiniya ne da ba a ba shi aji ba. In ba shi da atalye, ba shi da jarin jikka hamsin, ba shi da mai sayen abin da ya ƙera, to wani zai same shi, kuma mun san wane ne. Wa'azi kaɗai ba ya riƙe mai jin yunwa. A buɗe wuraren koyon sana'a da ke da kayan aiki na gaske, a ba da ƙaramin bashi ba sai da ɗan uwa a ofis ba, a sayi abin da yaranmu suka ƙera.

Ku kuma masu tura bidiyo, kafin ka danna, tambayi kanka: in ƙanenka uwa ɗaya uba ɗaya ne zai gina shi cikin ɗakin tsohuwarku, za ka tura masa? In amsar a'a ce, to ɗan wani ma ɗa ne.

Ƙanen nan nawa ya ce ranar Asabar za mu shiga kasuwa neman tsohon firji da za mu gwada injin ƙwai da shi. Ni zan sayi ƙwan farko. Allah shi tsare mana matasanmu, shi ba su sana'ar da ba a ɓoyewa.