Ba A Auna Ɗa Da Mudun Ubansa

Hausawa suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Zance ne mai daɗin ji, amma masu kallon ƙwallon kwando a Amurka sun ɗauki irin wannan ra'ayi sun mai da shi bashi, suna bin wani saurayi, Bronny James, bashin da bai ci ba.

Ubansa, LeBron James, ba ƙaramin mutum ba ne a wannan sana'a. Shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA cikin 2003, ya ci kofin gasar sau 4, sa'an nan cikin 2023 ya wuce Kareem Abdul-Jabbar wajen yawan maki, abin da ya gagari kowa tun 1984. To, da ƙungiyar Los Angeles Lakers ta ɗauki ɗan cikin Yuni 2024, sai gari ya ɗauka: wai gata ne, wai an danne haƙƙin 'ya'yan talakawa, wai ba ya ko kama ƙafar ubansa.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce mafi rashin kan gado. Wa ya kama ƙafar ubansa a duk gasar? Mutum 58 aka zaɓa a shekarar nan, Bronny kuwa shi ne na 55, watau can kusa da wutsiya. Waɗanda ake ɗauka a wannan matsayi, da yawansu ba su daɗewa. Wasu ko rigar ƙungiyar ba su sawa a wasa na gaske. Ba mai tsare su da tambaya, ba mai ƙidaya musu kuskure. Da waɗannan ya kamata a gwada shi, ba da zakaran da aka yi shekaru ba a ga irinsa ba.

Lalle ba a musu, sunan uba ya buɗe masa ƙofa. A Jami'ar Kudancin Kalifoniya bai kai maki 5 a kowane wasa ba, in an yi raba-daidai. Amma masu kawo wannan lissafi sukan tsallake abin da ya gabace shi. Cikin Yuli 2023, yana da shekara 18, zuciyarsa ta tsaya ana tsakiyar horo, saboda wata naƙasa da aka haife shi da ita. Aka yi masa aiki, kafin shekarar ta ƙare ya koma fili. Wanda ya leƙa kabari ya dawo, ashe har akwai mai ce masa ɗan lele? Da aka tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ta South Bay ya je, cikin Maris 2025 kuma ya ci maki 17 a karawa da Milwaukee.

In akwai wanda za a tuhuma, manya ne. Uban da kansa ya faɗa cikin 2018 cewa ya yi nadamar sa wa yaron sunansa, amma cikin 2022 ya shelanta wa duniya zai yi wasa tare da shi, alhali yaron bai gama sakandare ba. Shugabannin Lakers kuwa sun san riba. Ran 22 ga Oktoba 2024 suka shigar da uba da ɗa fili tare, karo na farko a tarihin gasar, duniya ta ɗauki hoto. Ko minti 3 bai cika ba suka mai da yaron benci.