Sauri ya haifi nawa: hatsarin hanya a birnin Yamai

Duk wanda ya tsaya bakin gadar Kennedy da ƙarfe 7 na safe zai ga birnin Yamai gaba ɗaya yana wucewa gabansa. Ga motocin ma'aikata, ga taksi, ga faba-faba cike da ɗalibai masu ƙetarawa zuwa jami'ar Abdou Moumouni, ga babura ba iyaka, ga mai keke ɗauke da kayan lambu, ga kuma mai tafiya ƙasa yana raɓe da ƙarfen gada. Dukansu hanya guda suke bi, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. In aka yi karo, mai mota yakan fito ya duba inda ƙarfensa ya lotsa. Mai babur da mai tafiya ƙasa su ake kwashewa zuwa asibiti, wani lokaci ma zuwa makwanci.

Lokacin da aka buɗe wannan gada a 1970, Yamai ƙaramin gari ne. Ƙidayar jama'a ta 1977 ta tarar da mutanen birnin ba su kai dubu 250 ba. Ƙidayar 2012 kuwa ta tarar sun haura miliyan 1, kuma tun daga nan ƙaruwa suke yi. Unguwanni sun miƙe ta hanyar Doso, ta hanyar Tilaberi, ta hanyar Filinge da ta Torodi. Mutumin da a da yake zuwa wurin aikinsa da ƙafa, yau sai ya yi tafiyar kilomita 10 ko fiye. Shekara da shekaru ana shigo da tsofaffin motocin Turai ta tashoshin ruwan ƙasashe maƙwabta. Daga shekarun 2000 kuma sai ga babura masu araha daga Sin da Indiya, har ya zama ƙaramin ma'aikaci da ɗan tireda da ɗalibi kowa na iya mallakar abin hawansa. Wannan ci gaba ne, ba mai musu. Sai dai abin hawa ya riga horon mai hawa isowa gari.

Hukuma ta yi aiki wajen hanyoyi. An buɗe gada ta biyu a kan kogin Kwara a 2011, ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché a 2021. An gina gadar sama ta Mali Bero a 2013, ta shataletalen Shahidai a 2016, ta Diori Hamani a 2018. A 2019 aka shimfiɗa babbar hanyar da ta taso daga filin jirgin sama zuwa tsakiyar gari. An sabunta dokar hanya a 2014, an kuma kafa hukumar kiyaye hatsarin hanya, wato ANISER. Waɗannan ayyuka sun rage cunkoso, sun rage ɓata lokaci. Amma akwai abin da ya kamata a faɗa a fili: hanya mai faɗi da santsi tana kiran gudu, gudu kuwa shi ne babban makashi cikin gari. Kwaltar da ta ratsa unguwa, makaranta na wannan gefe, kasuwa na wancan, in ba a tanadi wurin ƙetarawa ba, ta zama kogin da yara da tsofaffi za su riƙa faɗawa kullum.

Abin da ake gani a Yamai shi ake gani a sauran manyan biranen Afirka. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta mutum miliyan 1 da dubu 190 ne suka mutu a hatsarin hanya cikin shekarar 2021. A duniya baki ɗaya an samu ragi na kashi 5 cikin 100 in an gwada da 2010. A yankin Afirka kuwa ƙari aka samu, na kashi 17 cikin 100. Yankin da ke da kashi 3 kawai cikin 100 na motocin duniya, shi ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na mamatan. Fiye da rabin waɗanda ke mutuwa a hanyoyin duniya masu tafiya ƙasa ne da masu keke da masu babur. Kuma tsakanin ƴan shekara 5 zuwa 29, babu wata cuta da ta kai hatsarin hanya kisa. Ashe waɗanda hanya ke ci su ne ƴan makaranta da samari majiya ƙarfi, waɗanda iyaye suka gama wahala a kansu, ƙasa kuma take jiran amfaninsu.

Batun gudu yana da lissafi, kuma lissafin ba shi da wuya. Motar da ke tafiyar kilomita 30 a awa tana cin mita 8 cikin daƙiƙa guda. Wadda ke tafiyar kilomita 60 tana cin kusan mita 17. Direba mai lafiya, wanda hankalinsa ke kan hanya, yana bukatar kamar daƙiƙa guda tsakanin ganin abu da taka birki. Bayan ya taka ma, mota ba ta tsayawa nan take, kuma in gudu ya ninka sau biyu, jan birki yakan ninka sau huɗu. A kan busasshiyar kwalta, da birki mai kyau, mai tafiyar 30 zai tsaya cikin mita 13 ko kusa da haka. Mai tafiyar 60 sai ya wuce mita 35. To, a ce yaro ya fito da gudu daga bayan wata mota, mita 15 gaban direba. Na farko zai tsaya, ya yi faɗa, yaro ya wuce gida. Na biyu zai buge yaron tun ƙafarsa ba ta kai kan birki ba. Direbobin nan biyu suna iya zama masu hankali ɗaya, masu tausayi ɗaya. Allurar gudu ce kaɗai ta raba su.

Jikin ɗan Adam ma yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. OMS ta nuna cewa in gudun motar da ta buge mai tafiya ƙasa ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65, hatsarin mutuwarsa yakan ninka sau huɗu da rabi. Don haka ne taron ministocin duniya da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a tsai da gudu a kilomita 30 duk inda motoci da mutane ke cuɗanya. Doka ta ƙayyade kilomita 50 cikin gari. A gaban makarantu, da bakin Babbar Kasuwa, da Katako, da tashar Wadata, 50 ɗin ma ta yi yawa. Abin da direba zai samu in ya ƙara gudu cikin gari bai wuce ƴan mintoci ba, domin fitilar ba da hanya ko shataletale na jiransa a gaba.

Na biyu bayan gudu shi ne kan mai babur. Mai mota yana cikin ƙarfe, mai babur kuwa jikinsa ne ƙarfensa. In ya faɗi, kai ne ke fara isa kwalta, kuma raunin kai shi ne ya fi kashe masu babur. Wanda ya tsira ma sau da yawa yakan tashi da shanyewar jiki ko taɓin ƙwaƙwalwa. Hular kwano mai inganci, in an ɗaure ta a haɓa, tana rage raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi uku cikin huɗu. Doka ta wajabta ta. Duk da haka ana ganin ta rataye a hannun babur, sai an hango ɗan sanda a ɗora ta a ka ba ɗauri. Ana kuka da zafi, kuma gaskiya ne watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan haura awo 40. Ana kuka da tsada. Amma kuɗin hula bai kai kuɗin kwana guda a asibiti da hoton ƙashi da magani ba. Magidancin da ya ɗauko matarsa a baya, goyo a bayanta, yaro a kan tanki, babu mai hula ko ɗaya, ya ɗora gidansa duka a kan taya biyu.

Akwai wasu halaye da kowa ya san su. Akwai waya a kunne ko a hannu, wadda ke ninka hatsari kamar sau huɗu. Akwai ƙwayoyi irin su tramol da wasu matasa ke sha wai don su jure aiki. Akwai jerin gwanon biki, inda samari ke wasa da babura da motoci tsakiyar hanya, har ranar farin ciki ta koma zaman makoki. Akwai gudun gab da shan ruwa a watan azumi. Akwai uban da ke miƙa wa yaro ɗan shekara 13 makullin babur don ya tafi aike. Akwai wanda ya riƙe parmi bai taɓa zama ya koyi alamun hanya ba, da motar da ke yawo da dare da fitila guda, mai zuwa ya ɗauka babur ne. Ko ɗaya cikin waɗannan bai faɗo daga sama ba.

In hatsari ya auku, kalmar da aka fi ji ita ce ƙaddara. Kalma ce mai sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, kuma tana da wurinta. Amma ba ta wanke wanda ya fita da mota ba birki, ko wanda ya ƙeta jar wuta. Manomi ya yarda da ƙaddara, duk da haka yana shinge gonarsa. Al'adar yafewa nan take, a tashi a watse ba a kira hukuma ba, tana da kyau wajen zaman lafiya, amma tana da illa biyu. Mai ganganci ba ya koyon komai, sa'an nan hatsarin ba ya shiga lissafi. A ƙasashen Afirka da yawa, ƙiyasin OMS yakan ninka adadin da hukumomi suka rubuta. Wurin da ba a san ana mutuwa ba, ba za a gyara shi ba.

Saboda haka nauyi na farko yana kan hukumomi. Wajibi ne ƴan sanda da jandarmomi da asibitoci su haɗa alƙalumansu wuri guda, a fitar da su kowace shekara, a bayyana mararrabar da ta fi cin rayuka da lokacin da abin ya fi aukuwa. Da wannan ne magajin gari da injiniyoyi za su san inda za su fara. Aikin da ake bukata galibi ba mai tsada ba ne in an gwada shi da kuɗin gada: tudun rage gudu da aka yi bisa ƙa'ida aka kuma shafa masa fenti, zanen wurin ƙetarawa, tsibiri a tsakiyar hanya mai faɗi inda tsohuwa za ta tsaya ta huta, fitilun dare masu ci, da kwashe rairayin da iska da ruwa ke tarawa a kwalta, wanda ke kayar da babura. Gefen hanya kuma na masu tafiya ƙasa ne. Inda teburan ƴan kasuwa da motocin da aka ajiye suka cinye shi, an tura mutane cikin kwalta ke nan. A nema wa masu sana'a wuri, a mayar wa masu ƙafa haƙƙinsu.

Doka kuma tana aiki ne in ta zama ta kullum, ta kowa. Kamen mako guda da ake yi bayan wani babban hatsari, sa'an nan a saki, ba ya canza hali. Ranar da direba ya tabbata cewa ƙeta jar wuta na da hukunci ko shi wane ne, ko motar ta wace ma'aikata ce, ranar zai fara tsayawa. Ma'aikacin da ya karɓi ƴan dala ya sallami mota marar birki, da wanda ya sa hannu a takardar binciken motar da bai duba ba, suna da kaso cikin abin da motar za ta aikata gobe. Motocin gwamnati su ya kamata su zama abin koyi, domin na gaba ake kallo.

Sauran magana ita ce abin yi bayan hatsari. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, kuma kiranta shi ne taimako na farko. Wanda ya bugu a wuya ko a baya, in aka cicciɓe shi aka cusa a taksi, ana iya ƙarasa abin da karon ya fara. Sai a tsare masa hanya, a danne inda jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta, a jira masu aikin. Karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce tun ranar farko. Taruwa a kan abin da ya faɗi kuwa, Yamai ta ga ƙarshensa a watan Mayu na 2019, lokacin da wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama, mutane suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka rasu a daren, wasu kuma daga baya a asibiti.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa ƙasashe buri na rage mutuwa da rauni a hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030. Abu ne mai yiwuwa, tun da ƙasashe 10 sun rage mamatansu da rabi tsakanin 2010 da 2021. Maraɗi da Damagaram da Tawa su ma suna girma, babura da adaidaita sun cika titunansu, kuma abin da babban birni ya gyara ko ya bari su ma shi za su gada. Malaman makaranta da na yaƙi da jahilci, limamai, masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin direbobi, kowa na da bakin da ake saurare. Amma hukuncin ƙarshe yana ƙarƙashin ƙafar direba da hannun mai babur, kowace safiya. Hausawa sun ce tafiya sannu-sannu kwana nesa. Wanda ya makara aiki da minti biyar zai ba da haƙuri a wuce wurin. Wanda ya kashe ɗan wani don minti biyar, har ya koma ga Allah abin na ransa.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.