Tunawa da Michael Faraday

Duk injin da ke juyawa ya ba da wutar lantarki, daga janareton shago har manyan injinan dam ɗin Kainji, yana aiki ne bisa abin da Michael Faraday ya gano a shekarar 1831, wato cewa idan aka motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki zai gudana a cikinta. An haife shi a 1791 a Ingila, ɗan maƙeri ne, bai yi zurfi a makaranta ba, kuma yawancin iliminsa na farko ya tsinto shi ne daga littattafan da yake ɗinkewa lokacin da yake yaron mai haɗa littattafai.

Abin da ya cancanci a riƙa tunawa shi ne yadda shahara ba ta raba shi da mutanensa ba. Ya auri Sarah Barnard a 1821, suka zauna tare har rasuwarsa a 1867, ko da yake Allah bai ba su haihuwa ba. Ya kasance dattijo a wata ƙaramar ɗarikar Kirista da ake kira Sandemaniya, inda yakan yi wa'azi, ya kuma ziyarci marasa lafiya da matalautan ɗarikar. Ya ƙi shugabancin Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta ƙasar, kuma a lokacin yaƙin Kirimiya ya ƙi taimaka wa gwamnati wajen haɗa makamai masu guba. Laccocin Kirsimeti da ya riƙa gabatar wa yara a Landan, inda yakan kunna kyandir a gabansu ya bayyana yadda wuta ke ci, har yau ana gudanar da su kowace shekara.