Ɗan Bakalori A Teburin 'Yan Tailan



'Yan uwa, wata sabuwar ƙwalisa ta shigo wa matasanmu, musamman waɗanda karatu ko aiki ya kai su Abuja da Legas. Da zarar an buɗe gidan abincin 'yan Tailan a unguwa, sai a ci ado a tafi, a ɗauki hoton faranti tun kafin a yi bisimilla, a aika wa na gida su gani. Daga nan sai gardama ta kaure. Wannan ya ce haramun ne tsantsa tunda girkin masu bautar gumaka ne, wancan ya ce ai abinci abinci ne, ƙarancin wayewa ke damun na farko. Dukkansu biyun sun yi gaggawa, kuma a ganina sun bar jaki suna dukan taiki.

Bari mu fara sallamar masu gardamar. Mafi yawan mutanen Tailan mabiya addinin Buda ne, saboda haka rangwamen da aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta yi game da abincin Ahlul Kitabi bai haɗa da yankansu ba. Kuma naman alade ya yawaita a girkinsu, sau da yawa ma kasko ɗaya ake soya komai a ciki. Don haka wajibi ne ka tambayi wanda ya yanka naman da kuma abin da aka soya a kaskon kafin naka. Hadisin Abu Sa'alaba al-Khushani da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna cewa ko kwanukan Ahlul Kitabi, idan babu wasu, sai an wanke su kafin a ci a ciki. Amma ruwan kifin nan mai wari da suke zubawa a kusan kowace miya, wanda wasu ke rantsuwa giya ce, ƙananan kifaye ne da gishiri aka tsima, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya dabbobin ruwa halal ne. Mai cewa komai nasu haramun ne kuwa ya sani akwai miliyoyin Musulmi a ƙasar, akasarinsu a lardunan kudu irin su Fattani da Yala da Naratiwat, suna da majalisar da ke bayar da shaidar halal. Haramta abin da Allah bai haramta ba shi ma laifi ne, ba tsantseni ba.

Wannan ke nan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne farar shinkafar da ke gefen farantin, wadda babu mai tambayar daga ina ta fito.

Ya kai ɗan Mafara, ya ke 'yar Bakura, ku sani gidan abincin nan ba haka kawai ya faɗo unguwarku ba. A shekarar 2002 gwamnatin Tailan ta ƙaddamar da shiri na musamman don yawaita gidajen abincinta a ƙasashen waje, lokacin suna kimanin 5,500, ta horar da masu girki, ta sauƙaƙa wa masu buɗewa bashi. Yau adadin ya ninka fiye da sau biyu. Sun fahimci cewa duk wanda harshensa ya saba da girkinka, aljihunsa zai nemi amfanin gonarka. Shekaru da dama su ne kan gaba a duniya wajen fitar da shinkafa, sai a 2012 Indiya ta sha gabansu, kuma a 2014 kaɗai Najeriya ta sayo fiye da tan miliyan ɗaya daga wurinsu. Wato tun kafin ka san ƙofar gidan abincinsu, sun daɗe da shiga tukunyar mahaifiyarka. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Mutane ne da suka riƙe manominsu da daraja.

To mu fa? A 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakalori a kan Kogin Sakkwato, domin a shayar da kimanin hekta 23,000 a ƙasashen Maradun da Talata Mafara da Bakura. Ba kyauta muka same ta ba. An tashi garuruwa, ruwa ya cinye gonakin gado, fadamun da ke ƙasa da madatsar suka rasa ambaliyar da suke noma da ita, kuma a watan Afrilun 1980, zamanin mulkin Shehu Shagari, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da suka tare hanya suna neman diyya. Da jinin kakanninku aka biya kuɗin ruwan nan. Bayan haka aka bar injinan ban ruwa suka lalace, magudanai suka cike da laka da ciyawa, har sai da aka nemo kuɗin Bankin Duniya a 2014 don gyara. Yanzu kuma ga 'yan bindiga, waɗanda a ƙauyuka da yawa sai manomi ya biya su haraji kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe.

Mutumin da ya ratsa duk wannan ya kawo shanshera kasuwar Mafara ranar Talata, matar da ta kwana tana turara ta tana shanya, su ne ɗan boko ke yatsina wa fuska yana cewa shi ba ya cin 'yar Hausa, wai tsakuwa. Kash! Ko lokacin da Babban Banki ya hana masu shigo da shinkafa canjin dala a 2015, ko da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, 'yar waje ba ta yanke a kasuwanninmu ba, ta Kwatano da Maraɗi ta riƙa zagayowa a bayan 'yan fasa-ƙwauri. Mai saye ne ya raya wannan hanya, kuma a gidajen biki da yawa har yau abin gori ne a ce da 'yar gida aka yi dafa-duka.

Za a ce da ni, ai maganar tsakuwa gaskiya ce, kuma mutum yana da 'yancin cin abin da ransa ke so da kuɗinsa na halal. Na yarda, kuma ban ce wanda ya ci ya yi zunubi ba. Sai dai tsakuwa na'ura ce ke tsince ta, kuma ba daga sama aka saukar wa 'yan Tailan tasu ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Mafara, ga kwalejin aikin gona a Bakura, kowace shekara suna yaye matasa. Nawa ne daga cikinsu suka haɗa kai suka kafa injin casa mai tsince tsakuwa, su zuba a buhu mai tsabta da sunan Bakalori a jiki? Mu da muka tsaya a Gusau a watan Oktoban 1999 muna kabbara ranar ƙaddamar da Shari'a, ya kamata a ce mun fi kowa sanin cewa ciyar da al'umma farilla ce ta kifaya, wadda idan kowa ya bar ta kowa ya ɗauki alhaki.

Kuɗin faranti ɗaya a irin gidajen nan na Abuja ya isa ya sayi tiyoyin shinkafar da za ta ciyar da gidan 'yan gudun hijira na kwanaki, kuma irin waɗannan gidaje ba sai an yi cigiyarsu ba a Maradun. Idan har sai ka je, to je ka, ka tambayi yankan, ka tambayi kaskon, ka ajiye wayarka a aljihu. In ka ƙoshi, ka kira mai gidan abincin ka tambaye shi ko ya taɓa jin sunan Bakalori.