Musabbabin Ambaliya a Kanya Babba da Kewaye

Ruwan daminar da ke sauka a Kanya Babba ta ƙaramar hukumar Babura daga Tekun Atlantika yake tasowa. Iska mai laima, wadda kan haddasa ambaliya a Legas, ita ce ke ratsowa Arewa ta gamu da zafin Sahara, hadari ya haɗo daga gabas. A watan Agusta ƙasa ta riga ta ƙoshi, don haka mamakon sa'o'i kaɗan kan kwanta a gindin katanga har ta zube. A Kazaure da Roni kuwa, gangarowa yake yi daga duwatsu. Jigawa ta yi asarar rayuka da gonaki a ambaliyar 2022. Wajibi ne dagatai da masu unguwanni su sa a yashe magudanai kafin Yuli, su riƙa isar da hasashen NiMet ga talakawansu.