Wutar Kara Da Garwashin Ƙirya

Duk wanda ya zauna kusa da majami'a a garuruwanmu ya san Kiristocin wannan zamani ba su gaza wajen himma ba. Ga waƙa da kiɗa, ga azumi, ga addu'ar dare har asuba, ga gine-gine sai ƙara tsawo suke yi. Ba mu ga laifin mutum ya riƙe addininsa da zafi ba. Amma wuta iri biyu ce. Akwai wutar kara, mai tashi sama nan da nan ta mutu ta bar toka. Akwai kuma garwashin ƙirya, wanda ba shi da hayaniya, amma da shi maƙeri ke narka ƙarfe. Tambayar da muke so mu ɗora a gaban masu karatu, musamman malamai da akawuna, ita ce: wace irin wuta ce ke amfanin ikilisiya, mene ne kuma dalilin kafa ta tun farko?

Bisa ga koyarwar Kirista, kalmar ikilisiya ba gini take nufi ba, jama'ar masu bi take nufi. Dokoki biyu kuwa Yesu Almasihu ya ɗora bisa sauran duka, watau ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci. Ashe ke nan ma'aunin himma yana hannun maƙwabci. Shi ne zai faɗi ko zafin nan ya dafa masa wani abu, ko kuwa barci kaɗai ya hana shi.

Tarihin ƙasar nan ya ishe mu misali. A ƙarshen 1893 waɗansu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar kawo bishara cikin ƙasar Sudan. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, daga baya kuma Bingham ya koma gida da ciwo. A 1900 kuma Bishop Tugwell da Likita Walter Miller da abokan tafiyarsu suka doshi Kano ba tare da an gayyace su ba, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Ba wanda zai ce mutanen nan ba su da zafin zuciya, tun da waɗansunsu har rayukansu suka bayar. Amma zafi kaɗai bai kafa kome ba, gama ba su san ƙasar ba, ba su san cututtukanta ba, ba su kuwa nemi iznin masu gida ba.

Abin da ya kafu, sai da haƙuri ya kafu. Bingham ya gwada har sau uku kafin mishan ɗinsa ya sami wurin zama a Pategi a 1902. Miller ya zauna Zariya, ya duƙufa kan koyon Hausa shekara da shekaru, yana magani yana koyar da yara, har aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932, aikin da yake da babban hannu a ciki. Daga makarantar mishan ɗin nan, wadda aka mai da ita Wusasa a 1929, aka sami Likita Barau Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likita, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A Garkida, inda Stover Kulp da Albert Helser suka fara sujada a gindin tsamiya a 1923, ba a jima ba aka buɗe makaranta da asibiti, sa'an nan mazaunin kutare a 1929. Kuturun da danginsa suka guje shi, can ya sami mai wanke masa miki, ba a kuwa tambaye shi addininsa kafin a ɗaure masa ba.

Har wa yau akwai wata alama ta himmar gaskiya, ita ce mutum ya yarda ya sauka daga kujera. A 1954 aka kafa ECWA, a 1955 aka kafa tarayyar ikilisiyoyin da yanzu ake kira TEKAN, ragama ta fara komawa hannun 'yan ƙasa. Mu da muka yi aikin horon malamai mun san wannan sarai: malamin da almajirinsa bai iya tsayawa gaban aji shi kaɗai ba, bai gama aikinsa ba, kome daɗin bakinsa.

An jarraba wannan tushe da wuta a zamaninmu. A 2014 'yan Boko Haram suka sace 'yan matan Chibok, galibinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa ne, watau jikokin aikin Garkida. A cikin shekarar nan kuma suka mamaye hedkwatar ikilisiyar a Kwarhi, majami'u masu yawa suka ƙone. Da ikilisiya gini ce, da ta ƙare a nan. Amma mutane suka taru a sansanonin gudun hijira da gindin itatuwa, suka ci gaba da sujada, suna ciyar da marayu da matan da aka kashe mazansu.

To, ga abin da muke jin tsoro. In baiko ya tafi ga bene da mota da lasifika, makarantar da ke bayan majami'a kuwa rufinta na yoyo, malaminta ya yi wata uku ba albashi, lalle an juya abin a kife. In kuɗin makarantar ikilisiya ya fi ƙarfin talakan da baikonsa ya gina ta, an manta da mafari. In wa'azi ya koma zagin maƙwabci, ko share fage ga ɗan siyasa, wutar ta bar murhu ta kama danga, kuma in danga ta kama, ba ta tambayar gidan wane ne na gaba.

Shawararmu ga dattawan ikilisiya ita ce, a ƙarshen kowace shekara, bayan an ƙirga kawuna da kuɗi, a ƙirga waɗansu abubuwa kuma: yara nawa suka iya karatu, majiyyata nawa aka duba, husuma nawa aka kashe a unguwa. A karanta lissafin a gaban jama'a, kowa ya ji.

Ku kuma malamai da akawuna, Kirista da Musulmi, kada ku ce wannan zance na fastoci ne. Mai addini da gaske a teburinsa ake gane shi: ya zo aiki kan lokaci, ya duba littattafan yara, ya sallami talaka ba tare da ya miƙa hannu ba. Allah ya ba mu himma mai ɗorewa, ya sa maƙwabtanmu su zama shaidunmu na alheri, amin.